Ɗana, Furen Tafasa Ma Ya Isa Hoto

Ɗana, duk ranar Juma'a idan gari ya waye, wayoyin mutanen Achilafiya da Karkarna da Roni sukan cika da saƙon barka da Juma'a, kusan kowanne da hoton fure a jikinsa. Ka duba da kyau, da wuya ka ga wanda ya taɓa tsirowa a ƙasarmu. Wardi ne na Turai, ko irin jajayen nan da ake nomawa a Holan, wani ya ɗauka a can, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu har suka koɗe. A ranar kuwa, in damina ce, tafasa ta yi fure a bakin lungunku, soso ya hau danga ya baza nasa, kabewa ta buɗe a bayan ɗaki, gyaɗa ta ɓoye nata a ƙarƙashin ganye, amma babu wanda ya ɗaga musu waya. Abin nan yana damuna, shi ya sa na zauna in rubuta maka, kai da 'yan'uwanka mata, don maganar ta shafe ku duka.

Na san amsar da ke bakinka. Za ka ce ka taɓa gwadawa, ka tsaya a kan furen kabewa da rana tsaka ka danna, da ka duba sai ka tarar da dunƙulen rawaya kawai, babu jijiya babu lanƙwasa, kamar an ɗiga fenti a kan ganye. Daga nan ka yanke cewa wayarka ce ƙarama, sai ranar da Allah ya hore maka babba. To ka ji daga gare ni, babbar ma haka za ta yi maka muddin ka bar ta ta yi gaban kanta. Cikin launukan da Allah ya shimfiɗa a dajinmu, rawaya da ja suna cikin waɗanda suka fi ba kyamara wahala, kuma akwai dalili.

A bayan ɗan gilashin nan na wayarka akwai wani faifai ƙarami da aka jera wa miliyoyin idanu masu auna haske. Kowane ido launi guda yake gani. Rabinsu kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, sauran shuɗi. Wani ma'aikacin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara jerin haka, aka yi masa rajista a 1976, kuma har yau akasarin wayoyi da kyamarori a kansa suke tafiya. A wannan jeri babu idon rawaya. Idan masu ganin ja da masu ganin kore suka sha haske tare, masu ganin shuɗi suka samu kaɗan, sai wayar ta rubuta cewa nan wurin rawaya ne. Kowane launi kuma yana da ma'auni a cikin hoton, daga 0 zuwa 255, ba ya wuce nan. Furen kabewa a tsakar rana yakan tura ja ya kai ƙarshen ma'auninsa, kore na biye da shi. Duk inda ma'aunin ya ƙure, wuri mai haske da wanda ya fi shi haske sun zama ɗaya, jijiyar furen ta nutse, kuma babu gyaran da zai dawo da ita daga baya, don tun farko ba a rubuta ta ba.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne wayar ba furen kaɗai take kallo ba. Tana duba dukan abin da ke gabanta, ta ga ganye mai duhu ya fi yawa, sai ta ƙara haske don ganyen ya fito, furen kuma ya ƙone. Maganin wannan a yatsanka yake. Ka taɓa furen a fuskar wayar, za ka ga 'yar alamar rana ta fito a gefe. Ka ja ta ƙasa a hankali, idonka a kan furen, har sai ka ga layukan jikinsa sun bayyana, ka tsaya nan. Ganyen zai yi duhu, kada wannan ya tsorata ka, duhun ganyen ne ma zai sa furen ya tashi. A wayoyi da yawa, in ka danne wurin na ɗan lokaci ma'aunin zai kulle, ba zai sauya ba ko hannunka ya motsa. In da wannan kaɗai za ka ɗauka cikin wasiƙar nan, hotunanka sun riga sun canja.

Akwai wata ɗabi'ar kuma. Idan ka cika hoton da rawaya daga gefe zuwa gefe, wayar takan zaci hasken wurin ne ya yi rawaya, irin na fitilar ƙwai, sai ta zuba shuɗi don ta gyara abin da bai lalace ba. Shi ya sa wani lokaci furen da kake gani ruwan ƙwai yake fitowa fatsi-fatsi, ko ya karkata zuwa kore. Ka ɗan ja da baya ƙasa ko sama su shigo, ko ka shiga wurin saitin hannu ka zaɓi alamar rana. Sannan ka kashe abin gyaran fuska. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun yawancinmu, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, wanda ya yi suna wajen saita kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata. Wannan alheri ne a wurin biki da suna. Amma abin da ke goge ƙuraje a kumatu ba ka buƙatarsa a kan fure, don laushin da yake sawa shi ne abin da kake gudu.

Yanzu ga abin da ya fi saiti muhimmanci, wato lokaci. Idan ka idar da sallar asuba ka yi lazimi, gari ya yi haske, kada ka koma shimfiɗa. Daga fitowar rana zuwa hantsi nan ne kasuwar mai ɗaukar fure take ci. Hasken yana zuwa daga gefe, mai taushi, yana bin jikin furen yana nuna tudu da kwarinsa. Iska ba ta tashi ba tukuna, reshe a tsaye yake, ga raɓa a kan ganye. Kuma su furannin kansu da safe suke zaman karɓar baƙi. Furen gyaɗa da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta karkata ya yi yaushi, kuma daga gindinsa ne wani ɗan tsinke zai fito ya sunkuya ya shige ƙasa, can ƙwayar za ta ƙullu. Gyaɗa takan fara wannan kamar wata guda bayan shuka. Furen kuɓewa kwana ɗaya ne rabonsa a duniya. Ka je masa da hantsi, ka durƙusa, ka leƙa cikinsa: leɓunansa rawaya ne mai haske, sirara har rana na ratsa su, can tsakiya kuma ja ne mai duhu, ga ɗan sanda a tsaye ya sha gari. In ka dawo da la'asar ya naɗe. 'Yan'uwansa rama da yakuwa kusan haka suke. Auduga kuwa takan buɗe yau da launin madara mai ɗan rawaya, gobe ka same ta ta koma ja-ja, don haka a gindi ɗaya kana iya ɗaukar launi biyu. Kabewa tana da fure namiji a kan dogon siririn kara, da macen da ke ɗauke da 'yar kabewa a ƙarƙashinta tun kafin ta buɗe. In ka zauna shiru a gefe za ka ga ƙudan zuma ya fito daga namijin jikinsa buɗu-buɗu da gari, ya faɗa cikin macen. Ba don wannan zirga-zirga ba da ba a sha miyar taushe da kabewa ba. Ka jira shi, ka danna sau da yawa, ɗaya zai yi kyau.

Ranar da gajimare ya rufe sama, irin kwanakin marka na watan Agusta, kada ka ce yau babu hasken hoto. Ranar ce ta fi kowace, don girgije ya tace ranar, babu inuwa mai kaifi, launi yana zama daram. Bayan an ɗauke ruwa ma haka, ƙura ta kwanta, ganye ya wanku. In kuwa dole ta sa ka ɗauka da rana tsaka, ka yi wa furen inuwa da jikinka, ko ƙaninka ya riƙe maka lema, amma ka lura kada lemar ta zama mai launi, don za ta rina furen. Fitilar waya kuma ka bar ta a kashe. Wata rana ka gwada zagayawa ta bayan furen, rana tana gabanka tana ratso shi, ka kare gilashin da tafin hannu. Furen soso a kan danga idan aka ɗauke shi haka, kowace jijiya tana fitowa.

Kafin duk wannan, ka goge gilashin. Wayar da ta kwana a aljihu, ta sha gumi da man shafawa da ƙurar hanya, hazo take gani ko da sama garau take. Gefen riga mai laushi ya isa, amma ka fara hure yashin tukuna don kada ya karce shi.

Kada ka tsaya a tsaye ka leƙo fure daga sama, kowa haka yake ganinsa. Ka tsuguna ka zo daidai tsayinsa, ka kafa gwiwar hannu a kan cinya, ka riƙe numfashi lokacin dannawa. Ka matsa da ƙafarka maimakon jawo hoton da yatsu biyu, don jawowar nan a yawancin wayoyi yanka hoton kawai take yi ta buɗa shi, ya dushe. Amma kusantar ma tana da iyaka. In tazarar ta gaza kamar faɗin tafin hannu, wayoyi da yawa ba sa iya gani sosai, sai ka ja baya kaɗan. Sannan ka dubi abin da ke bayan furen kafin ka dubi furen. Rawaya tana son duhu a bayanta, tana kuma son shuɗi. Inuwar gindin bishiya, ko baƙin hadari da ya haɗo daga gabas, ko sararin sama bayan ruwa, duk suna ɗaga ta. Zanen rini na shuni in aka riƙe shi nesa kaɗan a baya yana yin aikin. Za ka kuma yi ta karo da baƙar leda ta maƙale a ƙaya. Kada ka kauce mata da kyamara kawai, ka cire ta ka tafi da ita, tunda akuyar maƙwabcinka ce za ta haɗiye ta gobe.

Mutane suna ɗauka in damina ta wuce launi ya ƙare sai baɗi. Wanda ya faɗi haka bai ɗaga kai ba. Da damina bagaruwa takan cika da 'yan ƙwallaye ruwan zinariya masu ƙamshi, ita ce kuma daga baya take ba majema 'ya'yan da suke jima da su. A ƙasa ga filasko, ga lalo, ga tsidau da ɗan furensa mai kyau wanda ƙayarsa ta sa ba a yaba masa. Ruwa na ɗaukewa sai gawo ya karɓa. Shi da ya tsaya tsirara duk damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, da kaka sai ya yi ganye, ya fitar da dogayen furanni masu launin madara, zuma ta samu abinci a lokacin da abinci ya yi mata wuya. Cikin rani ɗorawa takan rataya jajayen ƙwallayenta a dogayen igiyoyi. Inda marga ta rage, da bazara za ka hango ta daga nesa, zarara-zararan furanni rawaya suna reto a lokacin da komai ya bushe. Akwai kuma ita kanta rawaya, wadda ake haƙar saiwarta don rini da magani, mai fitar da babban fure dab da ƙasa cikin rani tun ba ta yi ganye ba, sau da yawa a inda wuta ta ci. Kuka sai gab da faɗuwar ruwa, farin furenta da almuru yake buɗewa, jemagu ne baƙinsa, kashegari ya fara dafewa. A lambunan rani na kewayen Kazaure kuwa, tumatir da kankana suna nan da nasu ƙananan furanni rawaya.

Hazon hunturu yana da amfaninsa da illarsa. Yana tausasa rana, don haka abin kusa yana yin kyau, amma yana shanye abin nesa. Duwatsun Kazaure da na Roni ka bari sai ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta hau su, iska ta wanku. Da kaka kuma ga barkono da tattasai an shanya, ga zoɓo an ɓare an baza, ga riɗi an jingina shi tsaye yana bushewa. Ja ma yana ƙonewa a kyamara yadda rawaya take yi, don haka ka ja alamar ranar nan ƙasa. Farin balbela ma haka.

Tsuntsaye sai haƙuri. Kabare namiji da damina, jiki rawaya kai baƙi, yakan rataye a ƙarƙashin sheƙar da ya saƙa yana kaɗa fukafukai. Tsanwaka takan zauna a busasshen reshe ko wayar lantarki, shuɗinta ba ya fitowa sosai sai ta tashi. Kiski yana kan katanga yana gyaɗa jan kansa. Ba za ka kama ɗayansu da gudu ba. Ka zauna wuri ɗaya har su manta da kai. Kada ka jefi tsuntsu don ya tashi, kada ka taɓa sheƙa, kada ka kama malam-buɗe-littafi ka danne shi a kan fure. Hoton da aka samu da cutar da dabba ba shi da albarka.

Tunda na ambaci masu rai, na san a gidajenmu akwai masu ƙyamar hoto saboda addini, kuma malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara na abu mai rai. A wannan ka bi abin da malaminka ya karantar da kai, kada ka yi musu da kowa. Amma itace da fure hanyarsu a buɗe take. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, shi kuma ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. A Suratu Faɗir kuma an ja hankalinmu ga saɓanin launukan 'ya'yan itace da duwatsu da mutane da dabbobi. Wanda ya tsuguna ya ƙura wa cikin furen kuɓewa ido, in zuciyarsa a farke take, tasbihi zai zo bakinsa ba tare da an ce ya yi ba.

Gona kuwa tana da mai ita. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka bi kunya-kunya kada ka taka shuka. Furen wake ko na kabewa da ka tsinke don ka riƙe a hannu abincin wani ne ka zubar. Matan da ke tsinkar yakuwa ko ɗiban ruwa, da 'yan matan da ke tallar nono, ba furanni ba ne, kada ka juya musu kyamara sai da yardarsu, matar aure kuwa ka bar ta gaba ɗaya. Shingen jami'an tsaro da ofisoshinsu ba wurin gwada kyamara ba ne. Ka kuma kula da kanka. Ka sa rufaffen takalmi, ka riƙe sanda ka buɗa ciyawa kafin ka durƙusa, don kububuwa launin ƙasa gare ta, ba ta gudu, tana kwance ne a inda kake shirin sa gwiwa. Kada ka ɗaga dutse da hannu saboda kunama. In ka ga amya a kan gawo ka ba ta tazara. Tumfafiya furenta fari da shunayya abin sha'awa ne, amma nononta in ya shiga ido yana yin mummunar illa, don haka kada ka karye ta sannan ka murza ido. Farin furen bado a kududdufi ka ɗauke shi daga gaɓa, ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya, dam ɗin Kazaure kuma ba wurin shiga ba ne ga wanda bai iya ruwa ba. Kada ka tsaya a kan kwaltar Kano zuwa Daura kana saita hoto, motocin hanyar nan ba sa jira.

Na zo ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Idan ka ɗauki hoton, kada ka yi masa ƙarya. Na ga yadda samari ke ɗora filta, su ja launi har ganye ya koma wani koren da babu shi a duniya, sama ta zama shuɗin bokiti. Gyara kaɗan ba laifi, a rage haske, a yanke gefe. Amma ka tsaya a inda idonka ya gani. Launi a gona labari ne. Ganyen masara da ya fara rawaya daga na ƙasa, yana bin tsakiyar ganyen daga baki, yawanci yunwar taki yake faɗa. Gyaɗar da ta tsuke ta ƙi tashi, ganyenta ya murɗe, tana iya zama kuturtar gyaɗa, cutar da ta yi wa noman gyaɗa mummunar ɓarna a Arewa a 1975, dattawanku suna tune da ita. Furen nan mai kyau ja-ja da shunayya da ke tsakanin dawa da gero ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta, saiwarsa a manne take da ta hatsin tana tsotsa, kuma kowane gindi in aka bar shi ya yi iri zai zubar da dubban 'ya'ya. In mahaifinka ya ce ka ɗauki ganyen ka aika wa malamin gona na JARDA, kai kuma hannunka ya saba da ƙara launi, ka ɓatar da malamin, shi kuma ya ba da maganin da ba shi ba. Wanda ya saba wa kansa gaskiya a ƙaramin abu irin launin fure, ina kyautata zaton zai riƙe ta a inda ta fi nauyi.

Kowane hoto kuma ka ba shi suna. A 1916 wani likita Bature da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya buga littafin da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa, kuma har yau masana suna komawa gare shi. Daga bakin wa ya samo su? Daga manoma da makiyaya da masu magani, kakannin kakanninka. Yau kuwa akwai saurayin da ya gama sakandare bai iya raba tafasa da rai-ɗore ba. Furensu kusan ɗaya ne, sai ka dubi ganye. Na tafasa tagwaye uku ne masu zagayayyen baki, da yamma sukan haɗe su yi barci. Na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, in ka murza kuma da wari. Tafasa ana kwaɗonta a ci, 'ya'yan rai-ɗore ɗanye kuwa suna cutar da dabba da yaro in aka ci da yawa. Saboda haka kada ka tsaya a furen kaɗai, ka ɗauki ganyen, ka ɗauki kwanson 'ya'yan, ka ja baya ka ɗauki tsiron gaba ɗaya. Sannan ka kai wa kakarka, ko Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari, ko wanzami, ka gaishe su da ladabi ka ce a faɗa maka sunansa da amfaninsa. Ka rubuta, da ranar da wurin. Akwai manhajoji irin su Google Lens da iNaturalist masu gane tsiro daga hoto, suna taimakawa, amma sukan yi kuskure a kan namu saboda hotunan da aka ɗora daga yankinmu kaɗan ne. Kada ka ci ko ka sha wani abu don waya ta ce ga sunansa.

Ka kuma adana. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, in kana son ya isa yadda yake ka aika shi a matsayin takarda. Ka ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar, don waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a kasuwa. Waɗanda suka fi kyau ka wanke su a takarda ka kai wa malamin firamaren garinku ya liƙa a aji, da sunan kowanne a ƙasa.

Kada ka raina wannan aiki. Tsallaken iyaka kaɗan daga Ɓaɓura, a ƙasar Damagaram da Maraɗi, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture maimakon sare shi, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, abin da suke kira sassaben zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru a Maraɗi yana ƙarfafa wannan. Duniya ba ta san girman abin da ya faru ba sai da masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 suka jera su da na bayan shekarar 2000. Gonakin da suke fayau a tsohon hoto sun cika da itatuwa a sabon. Aka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, kuma a wajen Magarya da Matamaye yawancinsu gawo ne. Da babu tsohon hoton, da aikin talakawan nan ya tafi ba shaida. Mu ma nan Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa. Ana dasa itace, ana kuma sare wani a yi gawayi. A ƙaramar hukumarmu ta 'Yankwashi akwai mazaɓar da ake kira Dawan Gawo. Jikokinka za su so su ga yadda dawan yake a zamaninka, kuma kai ne mai waya a hannu.

Don haka ga abin da nake roƙonka. Ka zaɓi wuri guda a bayan gari da ba za ka ɓace shi ba, gindin wata kuka ko kan wani dutse, ka tsaya a nan ka fuskanci gabas ka ɗauka, sau ɗaya cikin marka, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya da bazara, kowace shekara, ka rubuta kwanan wata. Ka riƙa tafiya da ƙaninka ko ƙanwarka su ga yadda ake yi, don in karatu ko neman abinci ya kai ka Kano su ci gaba. Ka fara a wannan makon da abin da ke fure yanzu, kada ka jira sabuwar waya. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a daji da gida.